Tambaya da Amsa: Me Ya Kayar da Julie Bishop a 2018?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ji an ce Julie Bishop, tsohuwar ministar harkokin wajen Ostiraliya, ta fi abokan takararta farin jini a wajen jama'a, amma da ta nemi kujerar firaminista a 2018 ƙuri'a 11 kacal ta samu. Yaya aka yi haka? (Wani mai karatu daga Zariya)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka ji gaskiya ne, sai dai ba talakawa ne suka yi wannan zaɓen ba. Ostiraliya tsarin firaminista take bi, irin wanda Najeriya ta yi zamanin Tafawa Ɓalewa. Jama'a 'yan majalisa suke zaɓa, shugaban jam'iyyar da ke da rinjaye a majalisar wakilai shi ke zama firaminista. A jam'iyyar Liberal ta su Bishop kuwa, 'yan majalisarta ne ke kulle ƙofa a Kanbera su zaɓi shugaba a asirce. A lokacin, rabinsu da mutum ɗaya sun isa su sauke shi da hantsi, kafin dare an rantsar da wani.

Bishop ba baƙuwa ba ce a wannan ɗakin. Lauya ce, ta shiga majalisa a 1998 daga mazaɓar Curtin ta birnin Perth. Matakin nan dole ne, domin tsarin mulkinsu bai yarda minista ya wuce wata uku ba shi da kujera a majalisa ba. Firaminista John Howard ya ba ta ministar kula da tsofaffi a 2003, ta ilimi a 2006. Daga 2007 ta riƙe mataimakiyar shugaban jam'iyya shekara 11: aka sauke Brendan Nelson daga shugabancin jam'iyyar, aka sauke Malcolm Turnbull, aka sauke Tony Abbott aka dawo da Turnbull, ita tana nan daram.

Ga yadda lissafin ya kasance. Ranar 21 ga Agustan 2018 Peter Dutton, na ɓangaren masu ra'ayin riƙau, ya ja da Turnbull, wanda shi ne firaminista a lokacin, ya sha kaye 48 da 35. Tazarar ta nuna Turnbull ya yi rauni. Ranar 24 aka sake zama, Turnbull ya janye, mutum uku suka tsaya a gaban masu zaɓe 85. Zagayen farko Dutton 38, Scott Morrison 36, Bishop 11. Ƙa'ida ita ce a cire na ƙarshe a sake kaɗawa, sai Morrison ya ci 45 da 40, ya zama firaminista.

Wannan 11 ɗin ba ma'aunin ƙimarta ba ne. Masu sassaucin ra'ayi, waɗanda su ne mutanenta, sun ƙudurta kada Dutton ya hau. Suka lissafa cewa in ita ce ta kai zagaye na biyu, wasu magoya bayan Morrison za su koma wa Dutton. Don haka tun farko suka juye wa Morrison ƙuri'unsu. A ganinmu lissafin yana da hujja, amma sun bar ta da kunya a bainar jama'a. Bayan kwana biyu ta ajiye minista, ba ta kuma sake tsayawa a zaɓen 2019 ba. A Disambar 2018 jam'iyyar ta toshe wannan ƙofa: firaministan da ya ci zaɓe, sai da kashi biyu bisa uku na 'yan majalisarta za a sauke shi.

Tambaya: To wane aiki ta yi da har ake tunawa da ita? (Wata ɗaliba daga Maraɗi)

Amsa: 'Yar uwa, ita ce mace ta farko da ta riƙe harkokin wajen ƙasar, daga 2013 zuwa 2018. An fi ambaton ta kan jirgin Malesiya MH17 da aka harbo a gabashin Yukiren ranar 17 ga Yulin 2014, mutum 298 suka mutu, 38 daga cikinsu 'yan Ostiraliya ne ko mazauna can. Lokacin ƙasarta tana da kujerar wucin gadi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta tafi New York da kanta, cikin kwana huɗu aka zartar da ƙuduri mai lamba 2166, na a bar masu bincike su isa wajen, kuma Rasha ba ta hau kujerar na-ƙi ba. A 2020 ta zama uwar Jami'ar Ƙasa ta Ostiraliya, a 2024 kuma aka naɗa ta jakadiyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta musamman kan rikicin Myanmar.