Amsa ga mai son zuwa gindin Everest cikin mako ɗaya

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena, na saurari muryarka. Ka ce kana gudu kullum da asuba, kana ɗaga ƙarfe, ko za ka iya taka sayyada daga garin Lukla na ƙasar Nepal zuwa sansanin gindin dutsen Everest ka dawo cikin mako ɗaya. Ni dai abin da na ji, so kake ka tsallake kwanakin hutu don kuɗin masauki ya ragu. Kada ka soma.

Lukla ɗin nan da ƙaramin jirgi zai ajiye ka, tsayinsa ya haura mita 2,800. Chappal Waddi na Taraba, wanda babu dutsen da ya kai shi a Najeriya, 2,419 ne. Ka gani? Garin Namche Bazaar da ke kan hanya 3,440, sansanin kuma 5,364, inda kowane numfashi kusan rabin iskar oksijin da kake samu a bakin teku yake ba ka. Huhu ina ruwansa da damtse! Shi ya sa ake kwana biyu a Namche, biyu a ƙauyen Dingboche don jiki ya saba, da rana a hau tudu, a sauko a kwana.

Akwai wani yaro a ayarinmu, irin jikinka sak. Jagoranmu ɗan ƙabilar Sherpa ne, ɗan tsamurmurin dattijo, kullum maganarsa ɗaya: a hankali. Yaron nan sai ya wuce gaba, ya zauna kan dutse yana jiranmu yana dariya. A Dingboche kansa ya fara sarawa, abinci ya ƙi ciyuwa, ya ɓoye mana. Cikin dare dattijon ya jiyo tarinsa ta bangon katako, ya taso shi, ya ce ya yi tafiya a miƙe, diddige gaban yatsu. Wallahi sai tangaɗi. A daren aka gangara da shi asibitin Pheriche, da safe helikwafta ta kwashe shi.

Kuma abin da har yau yake ƙona min rai, tun daga Lukla "ɗan dako" yaron yake ce wa dattijon. Ɗan dako! Sherpa fa ƙabila ce, kakanninsu daga Tibet suka ƙetaro, masu ɗaukar kayan ma da yawansu 'yan Rai ne da Tamang. Tenzing Norgay da ya taka ƙololuwar Everest tare da Edmund Hillary ɗan New Zealand a 1953 ɗan Sherpa ne. A 2014 ƙanƙara ta rufto a Khumbu, kan hanyar hawan Everest, ta kashe ma'aikatan dutse 16, akasarinsu Sherpa, suna kai wa baƙi kaya sama. Yaron nan ko na gode bai... kai, a bar maganar.

Me ma nake cewa? Yauwa, abinci. Ba a yanka dabba a yankin saboda addininsu na Buddha, naman da ka gani a baya aka goyo shi daga ƙasa. Ga batun yanka, ga batun ciki. Ka tsaya kan dal bhat, shinkafa da miyar wake, ƙari kyauta ne. In ka ji ƙararrawar shanunsu na yak, matsa gefen dutse, ba gefen kwazazzabo ba.

Ka nemi Oktoba ko Nuwamba, ka tabbata inshorarka ta haɗa da helikwafta. Turo min jadawalin da masu shirya tafiyar suka ba ka in duba. In babu hutun Namche a ciki, kada ka biya ko sisi.