Tambayi Likita: Na Ajiye Sigari Amma Jikina Ya Rikice

Assalamu alaikum jama'a. Satin nan tambayoyi uku suka shigo mini duk a kan barin taba, shi ya sa na haɗa su waje ɗaya.

Tambaya ta farko daga wani direba a Funtua: "Likita shekara 14 ina shan sigari, kwali ɗaya a rana. Yau kwana huɗu da na ajiye, wallahi kaina kamar zai tsage, ga jiri, ga barci ba ya zuwa. Abokaina a tasha sun ce wai barinta lokaci ɗaya yana kashe mutum, gaskiya ne?"

Malam ba gaskiya ba ne, barin sigari ba ya kisa, shanta ne ke kisa. Abin da ke faruwa shi ne akwai wani sinadari a cikin taba da ake kira nikotin, da ka zuƙa cikin 'yan daƙiƙoƙi ya isa ƙwaƙwalwa, kuma ba ya daɗewa a jini, bayan kamar awa 2 rabinsa ya fita, shi ya sa da ma kake jin sai ka sake kunna wani karan. To ƙwaƙwalwar da ta shekara 14 tana samu a kai a kai ka yanke mata lokaci ɗaya, ai dole ta yi bore. Boren ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, wato kai ka riga ka haye tudun, daga nan sauka ce a hankali, yawanci cikin sati 2 zuwa 4 ciwon kan da jirin sun lafa.

Amma bari in tambaye ka, goro nawa kake ci a rana yanzu, kuma kofin shayi nawa? Na san direbobi, da an ajiye taba sai a koma wa goro da Nescafé. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa fitar da kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci a cikin goro da shayi da Nescafé, da sauri, da ka bar shan taba sai fitarwar ta ragu, kofi ɗayan da ka saba sha ya koma kamar biyu a jikinka. Ga rashin barci, ga faɗuwar gaba, ga hannu na rawa, sai a ɗora wa barin taba laifi alhali rabin laifin na goro ne. Ka rage su zuwa rabi, bayan la'asar kuma kar ka taɓa. Ka sha ruwa sosai, farasitamol ya isa ga ciwon kan. Kuma don Allah ranar da ba ka samu barci ba ko kana jin jiri kar ka ɗauki doguwar tafiya, rayukan mutane ne a bayanka.

Ta biyu daga wata baiwar Allah a Gusau: "Maigidana ya bar taba sati biyu ke nan, amma tari ya ƙaru fiye da lokacin da yake sha, yana ta fitar da majina mai duhu. Hankalina ya tashi."

Hajiya da farko Allah Ya saka miki da kika tsaya masa. Wannan tarin sau da yawa alamar gyara ce. A cikin hanyoyin numfashi akwai wasu ƙananan gashi da ido ba ya gani, aikinsu shara, suna turo datti sama. Hayaƙi yana kwantar da su, da aka daina sai su farfaɗo su kama share abin da ya taru shekara da shekaru. Ruwan ɗumi da zuma suna taimakawa.

Sai dai nan ne nake son ki saurare ni da kyau, domin na ga mutanen da suka zauna a gida suna cewa ai barin taba ne, ashe tarin tibi ne ke cin su. Ƙa'idarmu a asibiti, duk tarin da ya kai sati 2 a gwada majina, kuma mai shan taba ya fi saurin kamuwa da tibi. Gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati da ke kula da tibi a Najeriya. In kuma akwai jini a majinar, ko zufa da dare, ko yana ramewa, ko ciwon ƙirji da numfashi sama-sama, kar a jira gobe.

Ta uku daga wani tela a Kano: "Kwana goma ke nan, cikina ya bushe sai in kwana uku ban zaga ba, ga yunwa kamar me, ga ƙuraje a baki. In ɗan riƙa shan shisha ko taba gari kafin in saba?"

A'a ƙanena, nikotin ɗin da kake gudu shi ne a cikinsu, shisha ma har da hayaƙin gawayi a kai. Bushewar ciki tana zuwa ne saboda nikotin yana zaburar da hanji, da babu shi sai hanjin ya yi sanyi na 'yan makonni, kai kuma ga zaman keke daga safe har dare. Ka dage da ruwa, gwanda, lemu, kwaɗon zogale, wake, sannan ka riƙa tashi kana takawa ko na minti 20 ne. Ƙurajen baki suna warkewa da kansu, ka riƙa kurkure da ruwan gishiri, in wani ya wuce sati 3 bai warke ba a duba shi.

Yunwar kuma gaskiya ce, yawanci mutum kan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko, ba abin tsoro ba ne in dai ba alewa da lemon kwalba ka mayar abokan hira ba. Ajiye aya ko gurji kusa da kekenka, da asuwaki, domin bakin da hannun ma sun saba da riƙe wani abu. Sha'awar in ta taso 'yan mintuna take yi ta wuce, tashi ka yi alwala ko ka leƙa waje.

In abin ya gagara akwai taimako na asibiti, cingam ɗin nikotin da filastar da ake mannawa a fata, da ƙwayoyi irin su varenicline, duk suna cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a jagorar da ta fitar a 2024. Ka je wajen likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani ya auna maka daidai yawan da kake sha. Wanda kuma yake kan insulin, wato allurar ciwon sukari, ko warfarin mai hana daskarewar jini, ko maganin taɓin hankali irin su clozapine, ya gaya wa likitansa ya bar taba, domin wani lokacin sai an sake daidaita masa adadin maganin.