Ba ta tari, gwajin kaki bai nuna komai ba, amma likita na zargin tarin fuka

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanwata mai shekara 24 ta yi wata uku da kumburi a gefen wuya. Ba ya mata ciwo, amma tana zazzaɓi da yamma, kuma tana ramewa. Sau biyu tana shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, bai sauka ba. An gwada kakinta ba a ga komai ba, hoton ƙirji ma lafiya lau. Duk da haka likita ya ce yana zargin tarin fuka, zai soka allura a wuyan. Ta yaya mutum zai yi tarin fuka ba ya tari?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Sunan cutar ne yake ruɗa mutane. Yawanci ƙwayar tana shiga ta huhu, amma jini da hanyoyin kaluluwa kan kai ta wasu sassa ta zauna. Kusan mutum ɗaya cikin shida masu tibi, wato tarin fuka, a wajen huhu take kama su, kuma abin ya fi yawa a ƙananan yara da masu ƙanjamau. Wurin da ta fi kamawa shi ne kaluluwar wuya, sai fatar da ta lulluɓe huhu, ƙashin baya, ciki, ƙoda, mahaifa da rufin ƙwaƙwalwa.

Kaki daga huhu yake fitowa, don haka labarin huhu kaɗai zai bayar. Idan cutar a wuya take, daga wuyan za a ɗebo abin gwaji. Likitanku ya yi daidai. Ana soka siririyar allura cikin kaluluwar a zuƙo ruwa ko mugunya, aikin 'yan mintuna ne, ba a kwantar da mutum. Abin da aka zuƙo sai a raba shi. Kashi ɗaya a kai na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010. Cikin awa biyu take gano ƙwayar, ta kuma faɗi ko ta bijire wa rifampicin, ɗaya daga cikin manyan magungunan tibi. Wani kashin a shafa a gilashi a duba da madubin likita, ana neman mataccen nama mai kama da cuku, wanda tibi ke bari. Inda akwai hali a yi shukar ƙwayar, wato a rene ta a ɗakin gwaji har ta yawaita a gane ta, sai dai wannan yana ɗaukar mako biyu zuwa takwas. Idan allura ba ta ba da amsa ba, sai a yi ƙaramar tiyata a ciro kaluluwa guda.

A nan ne ake yawan ɓata aiki. Naman da aka ciro, in aka tsoma shi gaba ɗaya cikin ruwan fomalin da ake adana nama a ciki don kada ya ruɓe, ƙwayar ta mutu, shuka ba za ta yiwu ba. Dole a ware wani yanki cikin ruwan gishiri na asibiti. Ba laifi ba ne ku tambaya ko an yi hakan. Na biyu, magunguna irin su ciprofloxacin da levofloxacin suna taɓa ƙwayar tibi sama-sama: zazzaɓi ya lafa, gwaji ya fito babu komai, cutar kuwa tana nan. Ku kai wa likita kwalayen duk abin da ta sha. Kada kuma a kai ta wurin wanzami a yi wa kumburin sakiya, domin kan bar rami mai tsiyayar mugunya wata da watanni.

Abin da ya kamata ku sani tun yanzu: a wajen huhu ƙwayoyin ba su da yawa, saboda haka "ba a gani ba" ba ya nufin "babu". GeneXpert yana kamawa sosai a mugunyar kaluluwa, amma a ruwan da ya taru a ƙirji yakan kuskure rabi ko fiye. Shi ya sa a can ake haɗawa da auna wani sinadari da ke cikin ruwan, mai suna ADA. Idan ya haura 40 kuma yawancin fararen ƙwayoyin ruwan limfosait ne, zargi ya yi ƙarfi. Haka ake yi da ruwan ciki. Ga mai ciwon baya da ya daɗe, musamman in doro ya fara fitowa ko ƙafafu suna rasa ƙarfi, hoton MRI ne ke nuna ɓarnar da wuri, tun hoto na gama-gari bai nuna komai ba. Ga ƙoda, fitsarin farko na safe ake kaiwa kwana uku a jere. Mafi haɗari shi ne sanƙarau na tibi: ciwon kai na makonni, amai, ruɗewa. Ana ɗibar ruwan ƙashin baya, ga babba aƙalla mililita 6, a ga furotin ya hau, sukari ya faɗi ƙasa da rabin na jini. Wannan ba a jiran sakamakon shuka, ana fara magani nan take.

Gwajin fata na Mantu, wanda ake karantawa bayan awa 48 zuwa 72, yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kawai, bai tabbatar da cewa ita ce ke sa ciwon yanzu ba. Gwajin jinin nan da wasu ɗakunan gwaji ke sayarwa da sunan "gwajin tibi" na neman garkuwar jiki kuwa, tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana dogaro da shi. Asarar kuɗi ce.

Gwaji biyu kada a tsallake su: na ƙanjamau da na sukari, domin dukansu suna buɗe wa tibi ƙofa. Ku kuma gaya wa likita idan tana shan nonon shanu da ba a tafasa ba, saboda akwai tibin shanu mai son kama wuya da hanji, kuma ɗaya daga cikin magungunan tibi huɗu, pyrazinamide, ba ya cinsa.

Akwai wani dalilin da ya sa allurar ta fi fara magani da ka: sankarar kaluluwa ma tana zuwa da kumburi marar ciwo, zazzaɓi da rama. In an tabbatar tibi ce, maganin na wuya wata shida ne, na ƙashi da na sanƙarau wata goma sha biyu, kuma kyauta ake bayarwa a cibiyoyin tibi na gwamnati. Kaluluwar na iya ƙara girma a makonnin farko na shan magani. In haka ta faru a koma wurin likita ya duba, kada a dakatar da maganin.