TAMBAYI UNGOZOMA: Sun ce wabi nake yi

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin wanga wata kusan duka a kan rasuwar ƙananan yara sunka zo, shi ya sa na haɗa su wuri guda. Kamar kullum ba mu sa sunan kowa.

TAMBAYA: Salamu alaikum Inna. Ni daga wani ƙauye nake kusa da Buza, shekarata 21, an yi mini aure ina da 15. Haihuwa ukku na yi, guda ce ke raye. Na farin a gida na haihe shi, kwana biyu ina naƙuda ban gaya ma kowa ba don kunya, da ya hito bai yi kuka ba sai da anka zuba mishi ruwan sanyi, kwanansa ukku ya koma. Ta biyun tana nan. Na ukkun yana da wata 11 na samu ciki, uwar mijina ta ce nonon ya ɓaci dole a yaye shi, anka kai shi gidan kakarshi, can ya kama zawo ya rame ƙafafunshi sunka kumbura, cikin damana ya rasu. Yanzu cikina wata 6, mutane na cewa wabi nake yi, har wata ta ce in na haihu a aza yaron bisa juji a sa mishi Ajuji. Wallahi Inna ba ni barci. Mi zan yi?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya ba ki haƙuri, ya sa masu ceto ne. Rai na Allah ne, babu mai gardamar wannan, amma ki sake karanta abin da kika rubuto da kanki, kowane cikin yaran nan biyu akwai sanadinshi a fili, kuma sanadin ba iri guda ba ne. Ba yaro ɗaya ne ke tahiya yana dawowa ba.

Na farin, kina da shekara 16 ko kusa da haka, ƙugunki bai gama buɗewa ba, ga doguwar naƙuda a ɗaki ke kaɗai. Jaririn da ya daɗe a hanya iska ke yanke mishi, shi ya sa bai yi kuka ba. Irin wannan yaro a mintin farko ake cetonshi, a share mishi jiki da zane busasshe, a murza bayanshi, in bai numfasa ba a hura mishi iska da ƴar jakar roba da ke akwai a ɗakin haihuwa. Ruwan sanyin da anka zuba mishi da kyakkyawar niyya ne na sani, amma sanyi ya ƙara mishi bisa wahalar da yake ciki. Hukumar lahiya ta duniya, OMS, ta ce kusan rabin yaran da ke rasuwa kafin shekara 5 a duniya cikin kwana 28 na farko suke tahiya, kuma kashi ukku cikin huɗu na waɗannan cikin makon farko ne, tun ba a yi suna ba. Abu ukku ke yawan kawo shi: haihuwar bakwaini, yankewar iska wurin haihuwa, da cutar da ke shiga jini ta cibiya ko ta wani yanka. Kuma ɗan uwar da ba ta kai 18 ba ya fi shiga haɗarin nan. A binciken ƙasa na 2012 an samu mata 76 cikin 100 a Nijar an aurar da su kafin su cika 18, kin ga ke ɗaya ce cikin dubbai. Wannan kunyar haihuwar fari da muke yabo, ni dai ban ga abin yabo ba a cikinta in har za ta sa yarinya ta kwana biyu tana cizon zane ba wanda ya sani.

Na ukkun kuma yaye ne ya kayar da shi. Ki riƙe wannan da kyau ki gaya ma ƙawayenki: ciki ba ya ɓata nono. Mai ciki tana iya ci gaba da shayarwa, abin da take buƙata ƙarin abinci ne. Yaro ɗan shekara guda an cire shi daga nono rana ɗaya, an raba shi da uwa, an sa shi bisa hura tsarkakka da ruwan rijiya, kuma a lokacin da rumbu ya yi ƙasa hatsin bara ya ƙare na bana bai nuna ba, to zawo zai kama shi, zawon ya cinye ɗan abin da ke jikinshi, ramar kuma ta sake buɗe ma zawo ƙofa, haka za su yi ta zagayawa. Kumburin ƙafa biyun nan tamowa ce mai tsanani, yaron da ya kai nan kwantar da shi ake yi a CRENI, wato sashen asibiti da ake jinyar yara masu tamowa mai tsanani, ba a jinyarshi a gida. Kusan kashi 45 cikin 100 na rasuwar yara ƙasa da shekara 5 akwai hannun rashin abinci mai gina jiki a ciki, ko da an ce masassara ce ko zawo ya kashe.

To yanzu ga cikin da ke gare ki. Gobe in Allah ya kai mu ki tahi awo in ba ki fara ba, ki gaya ma ungozoma duk labarin nan yadda kika gaya mini, kada ki rage komi, don ta rubuta cikin karne ta san irin kulawar da za ta yi miki. Za a ba ki ƙwayoyin ƙarin jini ki sha kullum ko da suna tada miki zuciya, da Fansida na rigakafin masassarar sauro wanda ake so mai ciki ta sha aƙalla sau ukku da tazarar wata guda, da allurar tetanus. Ki kwana cikin sange kullum. Ku zauna da maigidanki tun yanzu ku san wace mota ko amalanke za ta ɗauke ki in naƙuda ta zo da dare, ku aje ƴan jikkuna gefe na mai. In garinku da nisa, watan haihuwa ya kama ki koma wurin dangi kusa da likita. Wannan karon ba a ɗaki za ki haihu ba, don Allah.

In ya zo: a aza miki shi bisa ƙirji fata da fata, ki ba shi nono cikin awa ta farko, dakashin nan mai rawaya da ake matsewa a zubar shi ne rigakafinshi na farko. Kada a yi mishi wanka sai ya kwana ya wuni. Cibiya kada a sa mata toka ko man shanu ko maganin haƙori, sai abin da likita ta ba ki. Wanzami ya yi askin suna ya tsaya nan, ban da cire beli. Kuma in kika ga ya ƙi kama nono, ko jikinshi ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko ya yi jijjiga, ko tafin hannunshi ya yi rawaya, ba a jiran gari ya waye kuma ba a jiran arba'in.

Bayan haka ki huta. Shawarar da ake bayarwa ita ce a bar shekara biyu cikakku bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki, gona ma in ana nomanta kowace shekara ba taki ba hutu gajiya take yi. Ki tambayi ungozoma hanyoyin hutun haihuwa tun kafin ki sauka. Ranar awo kuma ki roƙi uwar mijinki ta raka ki, abin da ba za ta karɓa daga bakinki ba sau da yawa tana karɓarshi daga bakin babbar mace irinta.

TAMBAYA: Inna barka da aiki. Ni ɗan Keita ne ina bida a Abija. Matata ta haihu wata biyu ke nan, ta ce a likita an hana ta ba yaron ruwa, tsohuwata kuma ta ce cikin zahin Adar wa zai hana jariri ruwa da bauri, mu ma da shi anka rene mu. Kullum sai an kira ni in raba gardama. Wa ke da gaskiya?

AMSA: Ɗana, a nan matarka ke da gaskiya, amma da hankali za ka gaya ma tsohuwa. Nono kusan kashi 88 cikin 100 ɗinshi ruwa ne, ko a watan 4 da rana ke dukan dutse ya ishe shi, sai dai a yawaita ba shi, uwar kuma ita ta sha ruwan da yawa. Ruwan randa da bauri ta nan zawo ke shiga, kuma suna cika mishi ciki ya rage tsotso, in ya rage tsotso nonon ma ya ragu. Wata 6 nono zalla, sa'annan a fara kunu mai kauri da ƙuli-ƙuli ko wake ko ƙwai ko garin zogala, ana ci gaba da nonon har shekara biyu. Tsohuwa ta ce da shi anka rene ku, gaskiya ne, ka tambaye ta cikin ladabi su nawa ta haifa su nawa sunka rayu.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba amma ya fi damuna da ku ƴan bida. Yaro ya kwana da zafin jiki, uwa tana jiran a samu rezo a kira Abija ko Libiya a nemi izni, kuɗi kuma sai an aiko, kafin a gama wannan kwana biyu sun wuce, masassarar sauro kuwa a jikin ƙaramin yaro tana iya kashewa cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Ka ba ta izni tun yau, na dindindin, a gaban tsohuwarka: duk sa'ar da yaro bai da lahiya ta ɗauke shi ta tahi, ta kira ka daga baya. Ka bar mata kuɗin da ba a taɓawa sai don haka.

TAMBAYA: Ina karatun aikin jinya a Yamai. Ana ce mana mutuwar yara ta ragu a Nijar, amma in na je hutu wajen Madawa ba na ganin alama. Da gaske ta ragu?

AMSA: Ta ragu, kuma abin da idonki ke gani ma gaskiya ne. Binciken ƙasa na 1992 ya samu yara 318 cikin 1000 na rasuwa kafin su cika shekara 5, wato kusan ɗaya cikin ukku. A 1998 ya zama 274, a 2006 198, a 2012 127. Abubuwan da sunka kawo haka sanannu ne: ƙananan ɗakunan shan magani da anka gina ƙauyuka zamanin shugaba Tandja, dokokin 2005 da 2006 na kula da yara ƙasa da shekara 5 da awon ciki da tiyatar haihuwa kyauta, rabon sange, bitamin A duk wata 6, allurar dussa, da cibiyoyin tamowa da sunka yawaita bayan yunwar 2005. Amma binciken 2021 ya ba da 123, kin ga cikin kusan shekara goma da ƙyar anka motsa. Kuma wannan lissahin ƙasa baki ɗaya ne, ya haɗa ɗan ma'aikaciyar Yamai da ɗan matar da ke tahiyar rabin wuni kafin ta ga likita. Ɗan ƙauye, ɗan gidan talaka, ɗan uwar da ba ta shiga lakkwal ba, ɗan da anka haifa kusa da kusa da wanshi, tagwaye, da wanda uwarshi ta rasu wurin haihuwa, su ke ɗauke da mafi yawan nauyin. Kyautar ma in magani ya yanke a likita takarda ake rubuto ma uwa ta je ta saya, wadda ba ta da shi ta koma gida. In kika fara aiki ki lura da yadda kike tarbar mata, uwar da anka yi ma tsawa don ta makara ko karnenta ya yage, karo na gaba wurin mai tallar magani a tire za ta.

TAMBAYA: Inna maganin da ake bi gida-gida ana ba yara da damana, na ba ɗana na ranar farko ya yi amai, sauran biyun na aje su. Laihi ne? Daga wata uwa a Tawa.

AMSA: Ƙanwata, kin rage mishi ƙarfi sosai. Maganin CPS ne, wato rigakafin masassarar sauro na damana, na yara daga wata 3 har su kusa cika shekara 5, ana ba da shi wata-wata daga watan 7 zuwa watan 10. Kowane zagaye kwana ukku ne, na farko a gaban mai rabo, biyun ke za ki ba shi a gida, kuma sai an cika ukkun yake tsare yaro kusan wata guda. In ya yi amai cikin minti 30 na farko ki nemi mai rabon a sake mishi. Ki ba shi bayan ya ci wani abu, ɗacin ne ke tada zuciya. Waɗanda kika aje kada ki ba wani yaro su a matsayin maganin zafin jiki. Ko yana shan CPS in jikinshi ya yi zafi a kai shi a tsaga yatsa a gwada a ranar.

TAMBAYA: Ɗiyata mai wata 8 tana tari kwana huɗu, kakarta ta ce haƙori ne.

AMSA: Ki jira ta natsu, ki ɗaga rigarta, ki sa agogon salula minti ɗaya ki ƙirga sau nawa ƙirjinta ke ɗagawa. A shekarunta in ya kai 50 ko ya wuce, ciwon huhu ne sai an ba ta maganin likita yau. Jaririn da bai kai wata biyu ba 60 ne, daga shekara 1 zuwa 5 kuma 40. In kika ga ƙasan haƙarƙarinta na lotsawa ciki sa'ar da ta ja numfashi, ko ta kasa shan nono, ko barci ya yi mata nauyi ba ta tashi, kada ki tsaya ƙirga, ki ɗauke ta. Haƙori ba ya sa wannan. Kuma ki daina goya ta kina hura wutar kara a cikin ɗakin girki, ki ba wani ya riƙe miki ita waje har hayaƙin ya lafa. Ki duba karnenta ma, wata mai zuwa ne allurar dussa ta wata 9.