Amsa: Giya da gashin ƙwaƙwalwa

'Yar'uwa, Allah ya ba wa yayanki lafiya. Kin ce ana masa gashi, wato magani da hasken na'ura a asibiti, saboda ƙari a ƙwaƙwalwa, yana kuma shan giya a ɓoye, kina tambaya ko tana ƙara ɓarna. Tana ƙarawa.

Hasken gashin yana farfasa ruwan da ke cikin ƙwayoyin jiki, ya haifar da wasu sinadarai masu lalata ƙwayar halitta. Da haka ake kashe ƙarin, amma lafiyayyun ƙwayoyin da ke kewaye ma suna jin jiki. Shi ya sa ake raba gashin kaɗan-kaɗan, sau da yawa zama 30 cikin mako 6, don su samu sararin farfaɗowa. Giya kuwa, idan hanta ta sarrafa ta, irin waɗannan sinadarai take ƙara zubawa, ta kuma rage bitamin B1 da ƙwaƙwalwa ke buƙata. Sashen da ke riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa, dukansu biyu suna taɓa shi, sai ki ga an gaya masa magana da safe, kafin azahar ya manta.

Abin da ya fi damuna shi ne magungunansa. Dexamethasone, maganin rage kumburi, yana cin ciki, giya ma haka. Idan yana shan maganin farfaɗiya kamar Keppra, giya tana ƙara masa jiri da barci, tana kuma iya tayar da jijjigar.

Amma don Allah kada ku ƙwace masa kwalba dare ɗaya idan ya daɗe yana sha kullum. Yankewa farat ɗaya na iya kawo jijjiga cikin kwana biyu. Ki samu likitansa a keɓe ki faɗa masa gaskiyar yawan da yake sha, ba tare da kin tona shi gaban su Mama ba.