Girgizar Ƙasar Mpape: Shin Yarda da Bayanin Masana Yana Taɓa Imani?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Mpape ne a Abuja. A Satumbar 2018 ƙasa ta motsa da mu, ta kuma a Satumbar 2024, kwanuka na ƙara a kan kanta, muka kwashi yara muka yi waje. Masana sun ce duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne ke gocewa. Wani a masallacinmu ya ce wanda ya yarda da hakan imaninsa da sauran gyara, wai zunuban 'yan unguwa ne. Ga kuma saƙo yana yawo a WhatsApp da ranar da babbar za ta zo. Mene ne hukunci? Kuma akwai sallar girgizar ƙasa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tsare ku da iyalanku, ɗan'uwa.

Yarda da bayanin masana a fagen da suka ƙware halal ne, kuma ba ya rage imani ko kaɗan. Girgizar ƙasa aya ce daga ayoyin Allah, kamar yadda ya ce a Suratul Isra'i aya ta 59 cewa ba ya aiko da ayoyi sai don tsoratarwa. Amma Allah yana gudanar da ayoyinsa ne ta hanyar sabubba. Ɓawon ƙasa yana da tsage-tsage, nauyi yana taruwa a kansu shekara da shekaru, ranar da dutsen ya kasa ɗauka sai ya goce, motsin ya iso sama. Wa ya halicci dutsen, wa ya ƙaddara ranar? Masani ya gano yadda abin ke faruwa, mumini kuma ya san wanda ya sa shi faruwa, kuma mutum ɗaya yana iya haɗa biyun.

Dubi husufi. Ana lissafa lokacinsa tun shekaru kafin ya zo, duk da haka muna fita salla. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwarsa ne, shi kuwa ya gyara musu nan take: rana da wata ayoyi ne biyu, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa.

Wannan ya kawo mu kan maganar ɗan'uwan masallacinku, wadda ta fi damuna. Kiran jama'a zuwa tuba daidai ne, kowannenmu yana bukata. Amma yanke cewa zunubin unguwa kaza ne ya jawo, wannan faɗa ne a kan Allah ba da ilimi ba. Dutsen Uhudu ya girgiza alhali Annabi (SAW) da Abubakar da Umar da Usman suna kansa, kamar yadda Buhari ya ruwaito. Girgizar da ta auka wa Turkiyya da Siriya ranar 6 ga Fabrairun 2023, mai ƙarfin maki 7.8, ta kashe sama da mutum 50,000, cikinsu har da jarirai da masu tashi sallar dare. Hadisi ingantacce ya lissafa wanda gini ya faɗa wa cikin shahidai. Da wane baki za mu tuhume su? A yi masa nasiha cikin taushi, niyyarsa mai yiwuwa alheri ce.

Saƙon WhatsApp kuwa, kada ka tura shi. Har yau babu masanin da ke iya faɗin rana da wuri da ƙarfin girgizar da za ta zo. Abin da bincike ya kai gare shi shi ne gano yankunan da suka fi haɗari, da gargaɗin 'yan daƙiƙu irin wanda ake yi a Japan da Meziko: na'ura tana jin motsin farko mai sauri, ta aika saƙo zuwa wayoyin mutane kafin motsi mai rushe gini ya iso. Wanda ya sa rana, ƙarya yake, mai yaɗawa kuma yana da kamasho, domin ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Tsoratar da musulmi kuma haramun ne.

A Najeriya akwai masu bin diddigin lamarin, kamar Hukumar Binciken Ƙasa ta NGSA da cibiyar nazarin motsin ƙasa da ke Toro a jihar Bauchi. Abin da muke gani ƙananan motsi ne, irin na Kwoi a Kaduna a 2016 da naku, domin ƙasarmu tana nesa da iyakokin manyan farantan ƙasa, wato manyan sassan ɓawon ƙasa waɗanda manyan girgiza suka fi aukuwa a mahaɗarsu. Bayan na 2018 hukuma ta dakatar da fasa dutse da haƙar rijiyar burtsatse a yankin na wani lokaci. Bin irin wannan umarni wajibi ne, saboda ƙa'idar "babu cuta babu cutarwa". Idan bangon gidanka ya tsage, kira injiniya ya duba. In ya ce akwai haɗari, fita ya zama dole, kuma ba rashin tawakkali ba ne. Da Sayyidina Umar ya juya daga shiga Sham saboda annoba, cewa ya yi muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Game da salla, a mazhabar Imam Malik ba a yin jam'i don girgizar ƙasa kamar na husufi, haka ma wajen Imam Shafi'i. Imam Ahmad ya ga a yi, bisa aikin Ibn Abbas a Basra, don haka ba a tsangwamar wanda ya bi wannan. Abin da nake zaɓa maka shi ne nafila kai kaɗai, da istigfari da addu'a da sadaka. Amma lokacin da ƙasa ke motsi, fara da kare ranka: duƙa ƙarƙashin tebur mai ƙarfi ka kare kanka, in ta lafa ku fita fili nesa da bango da wayoyin lantarki, sannan ka yi nafilarka a can.

Allah shi ne mafi sani.