Yadda ake rubuta gajeren labarin rashi

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Hajiya. Kin ce duk abin da kika rubuta a kan rasuwarta sai ya koma ta'aziyya.

Dalilin shi ne jera halaye: mai haƙuri, mai zumunci, mai kyauta. Duk gaskiya ne, amma kowa haka yake faɗa a kan tasa uwar, don haka mai karatu ba ya ganin taki. Zaɓi lokaci guda wanda bai wuce awa ɗaya ba, ki tsaya a cikinsa. Misali, washegarin sadakar uku, an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, butarta na nan bakin ƙofa da sauran ruwa, kowa yana kewaye ta. Rubuta abin da ido ya gani da abin da hannu ya taɓa, ki bar kalmar "baƙin ciki" a waje. Kalmomi 500 zuwa 800 sun isa.

Tunda labarin gaske ne, kada ki ƙirƙiri maganar da ba ta yi ba. In ainihin lafazin ya kuɓuce miki, kawo ma'anarsa kawai. Ciwonta, rabon gado da zaman kishi kuwa sirrin gida ne, masu shi suna raye. Nuna musu kafin ki wallafa.

In kin gama, ajiye shi mako biyu, sannan ki karanta da ƙarfi. Sakin layi na farko galibi share fage ne, cire shi.